MULKI, GADO DA SABUNTAWA A ƘUNGIYAR WALIYYI AGUSTIN

Karatun da za a fara da shi: Ayyukan Manzanni 4:32-35, Markus 10:42-45.

A ranar 28 ga Agusta ne Eklesiya take tunawa da Waliyyi Agustin, kwana ɗaya bayan ranar mahaifiyarsa Waliyyiya Monika. A Lahadin da ta biyo bayan wannan idi, da muka fito daga Mas a Dawaki, muna zaune muna duban hadari ko zai bar ni in kama hanya, sai wani dattijo ya matso kusa ya ce, "Fada, haruffan nan uku, O.S.A., da ake rubutawa a bayan sunan Bishof ɗinmu, sarauta ce ko shaidar karatu? Kuma an ce sabon Fafaroma ɗan gidansu ne. To, a gidan nasu wa yake gaba da wa?"

Na ba shi amsa a tsaitsaye, amsar kuwa ba ta gamsar da ni kaina ba. Shi ya sa na mai da ita darasin wannan wata, gama tambayar ta shafe mu fiye da yadda dattijon ya zata. Haruffan suna nufin Ƙungiyar Waliyyi Agustin, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin masu zaman zuhudu a Eklesiya Katolika. Tun 1996 'ya'yan wannan ƙungiya suke riƙe da sandan kiwo a Kano: Bishof Patrick Sheehan daga 1996 zuwa 2008, sa'an nan Bishof John Namaza Niyiring. Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa ranar 8 ga Mayu 2025, shi ma ɗanta ne, har ya shugabance ta shekara 12. Game da wanda yake gaba da wani, dokar Eklesiya ta ce ɗan zuhudun da aka naɗa bishof yana nan ɗan ƙungiyarsa, amma wa'adinsa na biyayya ya koma ga Fafaroma kaɗai. Shugaban ƙungiya ba ya aiko wa Bishof umarni. Wannan ita ce gajeruwar amsa. Doguwar ita ce yadda gida ɗaya ya yi shekara fiye da 750 yana sauya shugabanni, yana faɗuwa yana tashi, bai watse ba, alhali gandu nawa muka gani a ƙasar Rano da Kibiya ya tarwatse tun ba a yi sadakar arba'in ta maigida ba.

ƘA'IDAR DA AKE KARANTAWA KAMAR MADUBI

Agustin ɗan Afirka ne. An haife shi a 354 a Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yau. Ya karɓi baftisma a Milan a 387 a hannun Waliyyi Ambros, ya dawo gida a 388 ya tara abokansa suka zauna tare, suna addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, ba mai cewa wannan nawa ne. A 391 jama'ar Hippo, wato Annaba ta yau, suka kama shi cikin majami'a suka matsa a naɗa shi firist, yana kuka. Bayan 'yan shekaru ya zama bishof ɗinsu har rasuwarsa a 430. Wajen 397 ya rubuta wa 'yan'uwan da ya bari a gidan zuhudu 'yar gajeriyar Ƙa'ida, babi 8 kacal, wadda mutum zai karanta da ƙarfi bai cika rabin sa'a ba.

Tushenta shi ne zaman masu bi na farko a Urushalima, wanda muka karanta a Ayyukan Manzanni. Dalilin taruwa a gida ɗaya, in ji Ƙa'idar, shi ne a zama da zuciya ɗaya da nufi ɗaya a kan hanyar zuwa ga Allah. Daga nan sauran abubuwa suka fito. Tufafi a ɗaki ɗaya ake ajiye su, abinci daga rumbu ɗaya. Rabo kuwa ba kai da kai ake yinsa ba, bisa ga bukatar kowa ake yi, domin mara lafiya da mai ƙarfi ba ɗaya ba ne. Agustin ya san mutanensa sarai: a gidansa akwai 'ya'yan masu dukiya da 'ya'yan bayi da manoma, sai ya gargaɗi na farko kada su yi fahariya da abin da suka kawo, ya gargaɗi na biyu kada su ɗaga kai don yau suna cin abinci da waɗanda a da ba su isa su kusace su ba. Idan ɗan'uwa ya yi laifi, a fara yi masa magana shi kaɗai. In ya ƙi ji a gaya wa shugaba. Sai bayan haka a kawo shaidu. Idan an yi faɗa, a kashe shi da wuri, kada fushi ya kwana ya zama ƙiyayya.

A kan shugaba Ƙa'idar ta faɗi abu biyu waɗanda dole a riƙe su tare. A yi masa biyayya kamar uba. Shi kuma kada ya ɗauki kansa mai sa'a don yana da iko, sai don yana hidima cikin ƙauna. Ya fi son a ƙaunace shi da a ji tsoronsa, ya kuma tuna zai ba da lissafin kowane rai a gaban Allah. Akwai wuri guda da yake damuna duk sa'ad da na karanta shi, ba zan ɓoye muku ba. Agustin ya ce idan shugaba ya zafafa magana garin horon na ƙasa da shi, ba lalle ne ya roƙe su gafara ba, kada girmansa ya zube. Allah zai roƙa. Na san shugabanni da yawa, har da masu farar riga irin tawa, waɗanda wannan kaɗai suka haddace. A ganina Agustin yana magana ne a kan tsawatawar da ta wuce kima, wadda aka yi don gyara, kuma shi kansa, kamar yadda za mu gani, ya amsa kuskurensa a fili sa'ad da kuskuren ya cuci jama'a.

Abu na ƙarshe da ya umarta shi ne a riƙa karanta Ƙa'idar sau ɗaya a mako, kowa ya dubi kansa a cikinta kamar a madubi. Shugaba ma yana zaune cikin masu saurare.

KUƊIN FADA YANUWARIYUS

Kada wani ya ɗauka gidan waliyyi ba ya tsiyaya. A ƙarshen 425, Agustin yana da shekara 71, wani abin kunya ya fashe a gidansa. Firistoci da dikinonin Hippo duka suna zaune tare da bishof, kowa ya yi alkawari ba zai riƙe dukiyar kansa ba. Wani firist a cikinsu mai suna Yanuwariyus, wanda ya shigo bayan ya haifi 'ya'ya biyu, ya riƙe wasu kuɗi yana cewa na 'yarsa ne, ajiya ce har ta girma. Da ajali ya matso sai ya rubuta wasiyya a kan kuɗin kamar nasa, ya hana ɗansa da 'yarsa, ya bar wa Eklesiya. Watakila ya zaci kyautar za ta rufe bakin kowa.

Me Agustin ya yi? Ga ƙofa a buɗe ta yin shiru: mai laifi ya mutu, kuɗi kuma Eklesiya za su shiga. Sai ya hau mumbari ya gaya wa jama'a duka abin da ya faru, da sunan mutumin. Ya ce Eklesiya ba za ta karɓi gadon ba, a bar wa 'ya'yan. Ya ba dukan ma'aikatan gidansa wa'adi zuwa Idin Bayyanuwar Ubangiji, kowa ya bayyana abin da yake riƙe da shi, ya sayar ko ya rabar, ko kuwa ya faɗi gaskiya cewa ba zai iya wannan zama ba, ya fita ya zauna a gidansa. Ya gwammace a rasa mutum a teburinsa da a sami munafuki. Da wa'adin ya cika, a farkon 426, ya sa dikin ya karanta wurin nan na Ayyukan Manzanni, ya karɓi littafin ya sake karantawa da bakinsa, sa'an nan ya bi ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya yana ba jama'a bayani: wane yana da gona tare da ɗan'uwansa ba a raba ba tukuna, wane yana da bayi zai 'yanta su, wane ba shi da komai. Har tufafinsa ya ambata, ya ce in an ba shi riga mai tsada sayar da ita yake yi a ba matalauta kuɗin. Waɗannan wa'azi biyu suna nan har yau, su ne na 355 da na 356 a jerin wa'azinsa.

Ku lura da waɗanda ya ba lissafin. Manoma ne da masunta da matan kasuwa na Hippo, masu kawo baiko. Bai ga wannan ya rage masa girma ba.

Haka kuma sa'ad da ya yi gaggawa ya tura wani saurayi daga gidan zuhudunsa, Antoninus, ya zama bishof a wani ƙaramin gari mai suna Fussala, don wanda aka shirya ya janye a ranar naɗi, saurayin kuwa ya shiga ƙwace kayan talakawa, Agustin ya rubuta wa Fafaroma Selestin ya ɗora laifin a kan garajensa, har ya ce yana tunanin sauka. A watan Satumba 426 kuma ya tara jama'a ya gabatar musu da firist Erakliyus a kan wanda yake so ya gaje shi, aka sa marubuta suka rubuta amincewarsu, ya miƙa masa yawancin ayyukan yau da kullum tun yana da rai.

DAGA DAJI ZUWA BIRNI

Sai mu faɗi gaskiyar tarihi a nan: Agustin bai kafa ƙungiyar da take ɗauke da sunansa yau ba. Gidajen zuhudu na Afirka ta Arewa sun shuɗe, Ƙa'idar ce ta haye teku ta rayu a Turai, ƙungiyoyi da dama suka ɗauke ta, har da ta Waliyyi Dominik. Shekara 800 bayan rasuwarsa, akwai mutane da yawa a dazuzzukan Italiya masu zaman kaɗaici, kowane rukuni da al'adarsa. A 1244 Fafaroma Innosent na 4 ya haɗa na yankin Tuskani a ƙarƙashin Ƙa'idar Agustin. A 1256 Fafaroma Alekzanda na 4 ya tara su da wasu rukunoni a Roma, suka zama ƙungiya ɗaya da shugaba ɗaya, Lanfrank na Milan. Birane suna cika a lokacin, masu wa'azi sun yi kaɗan, sai aka ce wa mutanen daji su shigo gari su yi wa'azi, su koyar, su ji ikirarin zunubi. Ashe ƙungiyar da sabuntawa aka haife ta: waɗanda gadonsu shi ne shiru da kaɗaici aka sa su bar shi don bukatar Eklesiya, suka riƙe addu'a da zama tare.

Tun daga nan suke da littafi biyu, wannan kuwa shi ne abin da nake so malamanmu na katikisma su riƙe. Akwai Ƙa'ida, wadda ba mai taɓa ta. Akwai kuma Tsarin Dokoki, wanda ya faɗi yadda za a yi zaɓe, yadda za a horar da sababbi, yadda za a riƙe kuɗi. Na farko da ya kafu sosai an amince da shi a Regensburg ta Jamus a 1290, an kuma sake shi sau da dama. Mai ikon sake shi shi ne babban taron 'yan'uwa, wanda a Latin ake kira da kalmar da take nufin babi, domin asali masu zuhudu sukan taru a karanta musu babi ɗaya na ƙa'ida kafin a shiga shawara. Mu kira shi taron babi. Kowane gida yana da nasa, kowane lardi yana da nasa, na duniya duka kuma yakan zauna bayan shekara 6 ya zaɓi Babban Shugaba, a tsakiyar wa'adin kuma a sake zama a duba inda aka kwana. Irin wannan taro na tsakiyar wa'adi an yi shi a Abuja a 2016. Muddin babban taro yana zaune, shi ne hukuma mafi girma a ƙungiyar, Babban Shugaba kuwa rahoto yake kawo masa.

Sunan shugaban ma darasi ne. Tsofaffin gidajen zuhudu suna da abba, wato uba, wanda a da yakan riƙe gida har mutuwa. 'Yan Agustin suna kiran nasu da kalmar Latin prior, ma'ana na gaba a cikin sahu. Shugaban lardi shekara 4 yake yi kafin a sake zaɓe. In wa'adi ya ƙare, mutum ya koma sahu. Fada Robert Prevost, ɗan Shikago a Amurka, an zaɓe shi Babban Shugaba a 2001, aka sake zaɓensa a 2007, a 2013 ya sauka ya koma lardinsu yana horar da ɗalibai matasa, a ƙarƙashin shugaban lardin da jiya shi yake ba shi umarni. Daga can aka aike shi Peru a 2014 ya riƙe Dayosis ɗin Chiclayo, sauran labarin kun san shi. A Satumba 2025, yana Fafaroma, ya yi wa 'yan'uwansa Mas ɗin buɗe babban taro, suka jefa ƙuri'a suka zaɓi Fada Joseph Farrell. Dokar Eklesiya ta 1983 ta shimfiɗa irin wannan tsari a kan dukan ƙungiyoyin zuhudu: shugaba ya yi wa'adi ƙayyadadde, kada ya daɗe a kujera ba hutu, ya kasance da majalisar da dole ya nemi shawararta, ma'aji kuma ya zama wani mutum dabam da babban shugaba, mai kawo lissafi.

SA'AD DA GYARA YA TSAGA BANGO

Tsari mai kyau bai hana lalacewa ba. Annobar da ta ratsa Turai daga 1347 zuwa 1351 ta kashe masu zuhudu da yawa, aka riƙa cike gurbi da waɗanda ba su sami horo ba. A hankali wannan ya sami izinin riƙe 'yan kuɗinsa, wancan ya sami izinin cin abinci a ɗakinsa, malami mai digiri ya sami izinin fashin addu'ar dare. Kowane izini da hujjarsa, amma da suka taru sai teburi ɗaya ya zama labari. Waɗanda abin ya dame su suka fara ware gidaje inda za a kiyaye Ƙa'ida sosai. Na farko shi ne Lecceto, kusa da Siyena, a 1387. Waɗannan gidajen gyara suka haɗu rukuni-rukuni, kowane da mataimakin shugaba nasa, ba sa ƙarƙashin shugaban lardi. Sun ba da 'ya'ya masu kyau, amma ƙungiya ta zama gida biyu a cikin gida ɗaya, masu gyara suna yi wa sauran kallon ɓatattu, sauran suna yi musu kallon masu girman kai.

A ɗaya daga cikin gidajen gyara na Jamus, a Erfurt, wani saurayi ya shiga zuhudu a 1505. Sunansa Martin Luta. Shugabansa, Yohanna Staupitz, ya yi niyyar haɗa gidajen gyara da sauran gidajen lardin Saksoni, gidaje 7 suka ƙi, suna tsoron a surka musu tsanani da sassauci, kuma a kan wannan rigima ta cikin gida ce Luta ya yi tafiyarsa zuwa Roma wajen 1510 ko 1511. Babban Shugaba na lokacin, Egidiyo na Viterbo, shi ma mai neman gyara ne ƙwarai. Shi ya yi jawabin buɗe Majalisar Lateran ta 5 a 1512, inda ya nuna cewa addini ne zai sāke mutane, ba mutane za su sāke addini ba. Amma manyan Eklesiya suka yi nawa. A 1517 Luta ya fito da ƙorafinsa a kan yadda ake tallar sassaucin horon zunubi da kuɗi, ƙorafin da yake da gaskiya a ciki. A 1518 Staupitz ya kwance masa wa'adin biyayya. A 1521 aka fitar da shi daga Eklesiya. Cikin 'yan shekaru gidajen gyara na Jamus suka zama kango.

Ba na kawo wannan don a zagi kowa. Maƙwabtanmu da danginmu da yawa a majami'un da suka fito daga wancan rabuwa suke, kuma a 1999 Eklesiya Katolika da Tarayyar Lutaran ta Duniya sun sa hannu a Augsburg a kan matsaya guda game da barata ta wurin alheri. Abin da nake so mu gani shi ne laifin ya rabu biyu. Masu iko sun ƙi jin kuka a kan lokaci, masu gyara kuma sun saba da zama a ware har rabuwa ta zo musu da sauƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wanda ya ɗinke ƙungiyar daga baya shi ne Jirolamo Seripando, Babban Shugaba daga 1539 zuwa 1551, kuma da ƙafa ya yi aikin: ya bi gidajen Italiya da Faransa da Sifen da Fotugal yana zama da 'yan'uwa, yana dawo da teburi ɗaya da asusu ɗaya.

Wani abin mamaki, da 'yan Agustin na ƙasar Ailan suka iso Nijeriya a 1938, suka koyi Hausa a wurin Fada-fadan S.M.A. a ƙasar Jos, suka shiga Adamawa a 1940, sai suka tarar 'yan Lutaran daga Denmak sun riga su zama a Numan tun 1913. 'Ya'yan gida ɗaya suka sake haɗuwa a bakin Binuwai bayan shekara 400.

MAJALISAR VATIKAN TA BIYU DA MIƘA SANDA

A ranar 28 ga Oktoba 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu ta fitar da umarninta a kan sabunta zaman zuhudu. Ta ce sabuntawa tana da ƙafa biyu: komawa kullum ga Bishara da ruhun da aka kafa ƙungiya a kansa, da kuma daidaita rayuwa da halin zamani. A 1966 Fafaroma Bulus na 6 ya umarci kowace ƙungiya ta yi babban taro na musamman, a kuma nemi ra'ayin dukan 'ya'yanta kafin a zauna. 'Yan Agustin suka taru a Villanova ta Amurka a 1968 suka sake rubuta Tsarin Dokokinsu, suka mai da zumuncin 'yan'uwa a tsakiya, har suka cire kalmar masu zaman kaɗaici daga sunansu, gama sun yi ƙarni 7 ba a daji suke ba. Ƙa'ida kuwa ko wasali ba a taɓa ba. Kada a ce komai ya tafi daidai: a shekarun 1960 sun haura 4,000, yau ba su kai 3,000 ba, gidaje da yawa a Turai an rufe su. Masana suna gardama har yanzu ko canjin ne ya jawo haka ko kuwa ya zo ne a makare, ni dai na lura raguwar ta sami masu sassauci da masu tsanani duka a ƙasashen da haihuwa da zuwa majami'a suka ragu.

A wajenmu sabuntawar ta ɗauki wata kama, wato miƙa sanda. Turawan Ailan da suka kafa Dayosis ɗin Yola da na Maiduguri su ne suka buɗe Babbar Seminari ta Waliyyi Agustin a Jos a 1967, inda yawancin firistocin Arewa, har da mai wannan rubutu, suka yi karatu; wato da hannunsu suka horar da waɗanda za su karɓe su. Suka buɗe ƙofar ƙungiyar ga 'yan ƙasa, a 2001 Nijeriya ta zama cikakken lardi mai zaɓen shugabanta. Bishof Sheehan ya yi shekara 26 a Yola, a 1996 ya bar ta ga Bishof Christopher Abba ya zo Kano, wadda aka yanke daga Kaduna a 1991, ya fara sabon aiki yana da shekara 64. Kano ta zama cikakken Dayosis a 1999. Da ya cika 75 ya miƙa takardar sauka bisa ga doka, a 2008 ya ba da sandan.

GANDU DA RUMBUN MAJAMI'A

Yanzu mu dawo Dawaki. Mu ma muna da gadon zama tare, tun kafin Bishara ta iso mu. A gandu maigida yake raba aiki, shi yake buɗe rumbu, shi yake biyan haraji, shi yake yi wa samari aure, kowa kuma yana da gayaunarsa da ranakun nomanta. Wannan tsari ya ciyar da kakanninmu a shekarun fari, kuma da Taron Bishof-bishof na Afirka na 1994 ya kira Eklesiya iyalin Allah, mu ba mu bukaci dogon bayani ba. Amma gandu yana da rauni guda: a kan mutum ɗaya yake tsaye. Ba a tambayar maigida dami nawa ya shiga rumbu, ba ranar da zai sauka, abin da ya sani kuma a kansa yake, ba a rubuce ba. Ran da ya kwanta dama sai kowa ya tuna da abin da aka yi masa, a raba gona.

Majami'unmu na ƙauye da yawa haka aka gina su. Wani bawan Allah ya karɓi bangaskiya a lokacin da yin haka yake jawo gori da tsangwama, ya ba da filinsa, ya yi jinka da hannunsa, ya yi shekara 30 shi ne katikis, shi ne ma'aji, shi ne mai sasanta aure. Ba mai biyansa sai Allah. A wani ƙauye da na taɓa yi wa hidima, wanda ba zan ambata ba, matasa masu karatu suka tashi suka ce sai an ba su lissafin hatsin godiya na kaka. Tsohon ya ji kamar an kira shi ɓarawo a gaban jikokinsa. Bai ci ko tiya ɗaya ba; ya rabar ne ga gwauraye da marasa lafiya a ɓoye, yadda maigida yake yi, bai rubuta ba. Matasan suka fara yin addu'arsu dabam da yamma, Zumuntar Mata ta rabu biyu. Ni kuma na yi wata 5 ina kauce wa maganar don ina jin nauyin tsohon, wannan kuwa laifina ne, gama jinkirina ya ba tsagar lokacin faɗaɗa.

Da muka zauna a ƙarshe, labarin Yanuwariyus na ba su, na kuma fara da kaina: na kawo littafin kuɗin Faris na karanta abin da ya shigo hannuna da inda ya tafi, har kuɗin man babur. Dokar Eklesiya ma ta wajabta kowace Faris ta kasance da majalisar kuɗi, masu riƙon dukiya kuma su ba masu bi bayanin baikon da suka kawo. Ba alfarma nake yi musu ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muka rarrabe abin da yake kamar Ƙa'ida a wurinsu, wato hatsin godiya na mabukata ne kuma ba a tona asirin wanda aka ba, da abin da yake kamar Tsarin Dokoki, wato wa zai auna, wa zai rubuta, shekara nawa zai yi. Aka amince mutum uku su riƙa aunawa, ɗaya daga cikinsu mace, a karanta jimla a majami'a ba tare da sunayen masu karɓa ba, a sake zaɓe bayan shekara 3. Tsohon ya ci gaba da koyar da katikisma, shi ne kuma yake faɗa wa masu aunawa gidan da wuta ba ta tashi ba, domin ba wanda ya san ƙauyen kamarsa. Biyu daga cikin matasan ba su dawo ba har na bar wurin.

Kafin kaka ta bana, ina roƙon kowace majalisar majami'a a ƙasar Rano da Kibiya ta zauna, katikis ya karanta wurare biyun da aka sa a kan wannan darasi, sa'an nan a duba muƙaman da suke akwai ɗaya ɗaya: wa yake riƙe da shi, tun wace shekara, wa yake ba lissafi, wa kuma yake koya wa aikin. A rubuta amsar a takarda a kawo wa Fada a ziyararsa ta gaba, shi ma ya zo da tasa.